Ƙarfen da Ya Rage a Aljihun Suruki

Ku samarin yanzu, da ku nake. Ku da ba a isa a gaya muku magana ta kai ƙarshe ba, sai ku ce kun gane. Kun ɗauka duk abin da ya yi ƙara shi ne mai kyau. Babur sai an cire masa salansa, waya sai ta hana maƙwabta sukuni, gyara kuwa sai dai a yi shi yau a gama yau. Idan aka ce muku ku jira, sai ku ji kamar an zage ku. To ku zauna ku karanta wannan har ƙarshe, ku ga yadda gaggawar yaro ɗaya ta raba dattijo da hannun cin tuwonsa.

Akwai wani manomi a Likoro, sunansa Malam Maiwada. Dattijo ne mai kunya, irin wanda idan ka taka masa ƙafa shi zai fara ba ka haƙuri. 'Ya'yansa duk mata ne, kuma duk sun yi aure. Daga shi sai matarsa Lantana, sai jikoki marayu da suke riƙo. Gonarsa ɗaya ce, abin da ta ba shi kuma shi ne tuwon gidan har wata kaka.

A shekarar da nake ba ku labari, ya shuka wata dawa mai saurin nuna. Tun ta maƙwabtansa ba ta fid da kai ba, tasa ta fara ido. Sai duk tsuntsun da ke yankin ya juyo gonarsa. Kurciya, hasbiya, da ƙananan nan masu zuwa garke-garke. Ya ɗaura gwangwanaye a igiya, ya kafa mutum-mutumi da tsohuwar rigarsa. Ba a jima ba tsuntsayen suka saba, har a kafaɗar rigar suke sauka su huta.

Yana da wani aboki kafinta a Kudan, sunansa Meshach. Mutumin kudancin Kaduna ne, amma ya daɗe a nan har Hausarsa ta fi ta wasunku. Meshach yana da tsohuwar bindigar iska, irin wadda ake karya bututunta ƙasa a ɗana ta, a tura ɗan harsashin dalma da babban yatsa, a mayar da bututun a rufe. Ba ta cin albarushi. Wani sifirin ne, wato murɗaɗɗen ƙarfe mai ƙarfi, a cikinta, shi ke tura wani ƙarfe mai fata a baki, fatar ta matse iska, iskar ta kori harsashi. Meshach ya bar noma, bindigar tana rataye babu aiki, sai suka daidaita ya sayar wa Malam Maiwada.

"Amma Malam, kada in cuce ka," in ji Meshach. "Ta tsufa kamar ni da kai. Fatar cikinta ta bushe, iska tana zurarewa. Yanzu ko kurciya ka harba, juyowa za ta yi ta tambaye ka mutanen gida."

Malam Maiwada ya yi dariya. "To ai kai ne likitanta."

"Ni ne, sai dai gobe zan tafi gida, an yi mana rasuwa. Ka bari in dawo in buɗe ta a gabanka."

"Allah ya ba ku haƙuri. Amma kafin ka dawo sun gama da ni, sai dai in kawo maka kara ka yi darni."

Meshach ya ga gaskiyarsa. Ya shiga ciki ya ɗauko sabuwar fata da ya riga ya yanka daidai bakin ƙarfen, da wata 'yar kwalba ta man da aka dafa daga ƙafar saniya.

"Duk wanda zai buɗe ta, ka gaya masa abin da zan gaya maka," in ji shi. "Fatar nan ta kwanta a cikin man nan har ta sha ta yi laushi. Ba aikin yini ɗaya ba ne, sai ta kwana ta sake kwana. Ya wanke ɗakin iskar tas. Kada ya bari baƙin mai ya shiga wurin, ko ɗigo. Kada ya kai magagari kusa da haƙorin da ke riƙe sifirin."

Ya juya bindigar ya nuna masa ƙarƙashinta.

"Sannan akwai wani ɗan ƙarfe siriri a nan, bai kai ɗan yatsa ba. Shi ke tare kunama, wadda ake dannawa a harba, matuƙar bututun yana buɗe. Yana da wuyar mayarwa, sai an lallaɓa shi. Amma idan babu shi, ranar da wani abu ya taɓa kunama, bututun zai rufo da ƙarfin da ba ka iya tarewa, alhali yatsanka yana ciki. Kuma ka riƙe wannan, Malam: in ta samu lafiya ba ta ihu. Tuf kawai za ka ji, kamar an buga matashin kai."

Malam Maiwada ya maimaita masa duka, ya ɗaure fatar da kwalbar a tsumma, ya koma gida.

Wanda zai buɗe ta ɗin shi ne Zulkifilu, mijin autarsa Mukarrama. Yana da shago a Hunkuyi, yana gyaran injin ban ruwa da janareta. Hannunsa yana da kyau, ba zan hana shi wannan ba. Masu rake daga Makarfi da masu tumatir daga Ikara har layi suke yi masa. Amma yabo ya yi masa yawa tun yana ƙarami, har ya kai ba ya iya cewa abu ya fi ƙarfinsa.

Ya kawo Mukarrama gaisuwa, ya durƙusa a bakin zaure nesa da surukinsa kamar yadda aka saba, sai idonsa ya faɗa kan bindigar.

"Baba, a ba ni in duba ta."

"Anya ba mu ɗora maka nauyi ba, Malam?" Haka yake kiransa, bai taɓa kama sunansa ba.

"Babu wani nauyi, Baba."

Malam Maiwada ya zayyana masa duk abin da Meshach ya faɗa, kansa a sunkuye, don ba ya haɗa ido da mijin 'yarsa. Zulkifilu yana ta "To Baba, to Baba." Amma kunnensa ne kawai a wurin. A ransa cewa yake, shi da yake kwance injin ya haɗa ido rufe, kafinta ne zai koya masa ɗaure noti.

Da ya isa shago, kafin ya taɓa komai ya fara da baki. Ya gaya wa 'yan zaman benci cewa gobe ranar kasuwa za su ga aiki. Sannan ya kwance bindigar. Bai matse sifirin da komai ba, ya dai cire notin ƙarshe da hannu. Sifirin ya yi tsalle ya daki kwanon rufi, ya faɗo cikin kwatar da ke gaban shagon.

Maƙwabcinsa Sada mai faci ya riƙe ciki yana dariya. "Injiniya, kai kake gyaran ko ita ke gyara ka?"

Zulkifilu ya tsamo sifirin ya goge a wando, ransa a ɓace. Ya ɗauko sabuwar fatar, ya ji ta tauri kamar ƙasan takalmi. In zai bi abin da aka ce, sai ta kwana biyu a mai, kasuwa kuwa gobe ce, ga shi ya riga ya cika baki. Sai ya mayar da tsohuwar fatar yadda take. Ya haɗa, ya ɗana, ya harba a gwangwani. Bindigar ta ce fus, harsashin ya faɗi kafin ya kai.

"Ka miƙo min in jefa da hannu mana," in ji Sada. "Zai fi nisa."

Nan ya tuna wani abu da ya taɓa gani a waya. Ya ɗauko gorar baƙin man da yake juyewa daga injin, ya ɗiga a ramin da iska ke fita. Ya ɗana, ya harba. Sai ga ƙara kamar ta bindigar gaske, hayaƙi ya fito, gwangwanin ya yi sama. Masu wucewa suka tsaya. 'Yan benci suka miƙe suna tafi.

"Wallahi ka mayar da ita ta soja," in ji Sada, shi da yake yi masa dariya ɗazu.

Ku ji abin da ke faruwa a ciki, don ni sai da aka yi min bayani na gane. Wannan ƙarar ba lafiya ba ce. Man ne ke kamawa da wuta idan iska ta matse shi, kamar yadda injin dizal ke yi. Kowane harbi yana ƙona fatar, yana girgiza duk abin da ke cikin bindigar. Amma mu a nan mun saba da bindigar maharba, wadda ƙararta ita ce shaidarta. Babu wanda ya tsaya ya yi tunanin cewa wannan ba irinta ba ce.

Da yabo ya hau masa kai, sai ya ce kunamar ta cika tauri. Ya sake kwancewa, ya sa magagari ya goge haƙorin har sai da ta zama ko iska ta taɓa ta za ta tashi. Wajen haɗawa, ɗan siririn ƙarfen nan ya ƙi shiga. Ya gwada, ya sake gwadawa, mutane suna tsaye a kansa suna jira. Sai ya jefa shi a aljihun wando tare da sabuwar fatar.

"Ba na ciki ba ne wannan?" in ji Sada.

"Masu ƙera ta ne da son ƙarin ƙarfe. Ga ta nan tana aiki."

Bayan kasuwa ya hau babur ya kai ta Likoro. Bai shiga gida ba, a ƙofa ya tsaya ya harba a jikin wani tsohon kwano. Kun san zamanin da muke ciki. Mata suka fara suro yara suna shigewa ɗaki, sai da aka leƙo aka ga surukin Malam Maiwada ne. Maza suka taru.

"Kai, Malam Maiwada, ka yi dacen suruki."

"Wannan ko biri ya ji ta ba zai dawo ba."

Malam Maiwada kuwa bai yi murna ba. Ya tuna an ce masa tuf kawai za ta yi. Ya ga hayaƙi, ya ji warin baƙin mai. Ya san akwai tambayoyin da ya kamata ya yi. An jiƙa fatar? An mayar da ɗan ƙarfen? Amma a ƙasarmu ba a titsiye suruki, balle a gaban jama'a suna yabonsa. Tambayar kawai daidai take da ce masa maƙaryaci, ga kuma 'yarsa a gidan mutumin nan take kwana take tashi. Abin da ya iya fitarwa shi ne:

"An dai sa komai da komai ko, Malam?"

"Komai ya koma mazauninsa, Baba."

Yana faɗin haka ƙarfen yana aljihunsa. Ya kuma ciro wata 'yar gora ta baƙin mai ya ajiye. "In ta yi sanyi, a ɗiga mata kaɗan a nan."

"Na ji kamar Meshach ya ce..."

"Baba, ai kafinta katako ya sani."

Jama'a suka yi dariya. Malam Maiwada ya sa masa albarka.

Da aka watse, Lantana ta same shi a tsakar gida. Ita ma ta ji komai ta bayan zana.

"Malam, ka rataye abin nan har abokinka ya dawo."

"In na rataye ta, gobe gari ya ɗauka na rena aikin mijin 'yata."

"To ka kira yarinyar ta tambaye shi a ɗaki."

"In haɗa ta faɗa da mijinta a kan bindiga? Bari kawai, Lantana. Tsuntsayen ma ba jira za su yi ba."

Wasu za su ce laifinsa ne da bai buɗe baki ba. Ni ban ga laifinsa ba, haka aka rene mu. Laifin yana kan wanda ya san ana jin kunyarsa, sai ya mayar da kunyar wurin ɓuya.

Kwanakin farko abin kamar ya yi. Harsashin ba ya zuwa inda aka auna, amma ƙarar tana tayar da tsuntsaye. Idan ƙarar ta mutu suka dawo, sai ya ɗiga man kamar yadda aka ce masa, ransa ba ya so. Man yana fesowa, bututun ya yi santsi, hannunsa kullum baƙi.

Wata rana da hantsi garke ya sauka a gefen gonar. Ya karya bututun, ya riƙe shi da hagu, ya sa babban yatsansa na dama yana tura harsashi. Hannun rigarsa ya shafi kunama. Shafa kawai. Kunamar da aka goge ta saki, abin da zai tare ta kuwa ba ya nan. Bututun ya suɓuce daga hannunsa mai mai, ya rufo a kan babban yatsansa da mai bi masa.

Wani makiyayi, Bobbo, shi ya ji salatinsa daga bakin burtali. Ya zo ya karya bindigar ya zare masa hannun, ya yage rawaninsa ya ɗaure, ya riƙo shi har gida. Aka kira mai ɗori ya yi abin da zai iya. Hannun ya kumbura, yatsun suka fara baƙi, wari ya fara tashi. Da aka kai shi asibiti a Zariya, likita ya ce babban yatsan ba zai tsira ba. Aka cire shi, aka cire rabin na kusa da shi.

Yana kwance can, gonar tana nan babu mai tsaro. Lantana ta fita da jikoki suna kaɗa gwangwani, amma su kore nan a sauka can. Da aka zo yankan dawa, zangarniyar duk fanko ce. Abin da aka tara bai rufe ƙasan rumbu ba.

To me kuke zaton Zulkifilu ya yi? Kuna zaton ya je ya durƙusa ya faɗi gaskiya? Bai yi ba. Tun a ƙofar asibiti ya fara cewa kafintan Kudan ne ya sayar wa tsoho ruɓaɓɓiyar bindiga, ya san halinta, shi ya sa ya gudu gida. Ya faɗa a shago, ya faɗa a majalisa, ya faɗa a Kudan ɗin kanta.

Meshach ya dawo daga makoki ya tarar ana amsa masa gaisuwa a daƙile. Wanda ya ba shi aikin ƙofofi ya aiko aka kwashe katakonsa. Wasu samari suka fara tsayawa a gaban shagonsa suna magana da ƙarfi don ya ji. Mutumin da ya yi shekaru a garin babu wanda ya taɓa jin kansa da kowa, yau an fara tuna masa daga inda ya fito.

Da aka sallamo Malam Maiwada, Meshach ya zo dubiya. Ya daɗe yana kallon hannun. Sannan ya ce a kira mai unguwa da dattawa, a kira wanda ya yi gyaran, a buɗe bindigar a gaban kowa.

Aka taru a zauren Malam Maiwada. Meshach ya zo da matsin katako irin nasu na kafintoci, ya danne sifirin ya sassauta shi a hankali har ya fito salin alin. Ya zaro ƙarfen da ke tura iska. Fatar bakinsa ta ƙone ta zama gawayi. Ya sa yatsa a ɗakin iskar, ya fito baƙi ƙirin. Ya nuna haƙorin kunama yana ƙyalli inda magagari ya ci shi.

"Ranka ya daɗe, wannan ba fatar da na bayar ba ce," ya ce wa mai unguwa. "Tawa sabuwa ce, mai kauri, na yanka ta kamar bakin moɗa. Kuma akwai ɗan ƙarfe siriri mai lanƙwasa a kai, a nan yake zama. Babu shi."

"Haka na same ta," in ji Zulkifilu. "Ni ban ga wani ƙarfe ba. Fata kuwa wadda aka ba ni na sa, in ta ƙone ai ba ta kirki ba ce."

Magana ta zama daga bakin wannan sai bakin wancan. Kuma na gaya muku gaskiya, da yawa a zauren nan sun fi son su yarda da nasu. Mai unguwa ya juya ga Malam Maiwada.

"Malam, kai me ka sani?"

Dattijon ya dubi hannunsa da ke naɗe. Ga abokinsa na shekaru, ga mijin 'yarsa.

"Allah ne ya ƙaddara," in ji shi.

Meshach ya sunkuyar da kai ya fara tattara kayansa.

Mukarrama tana cikin gida, tun da aka sallamo ubanta ta zo jinya. Ita ke ba shi abinci da cokali, don ya kasa yanko loma. Tana jin komai ta bayan zana. Da ta ji an ce ɗan ƙarfe mai lanƙwasa a kai, an ce fata kamar bakin moɗa, sai ta tuna ranar da take wanke wandon aikin mijinta, ta sami wasu abubuwa a aljihu. Ta ɗauka kayan injin wani ne, ta jefa su a gwangwanin alluranta don kada su ɓace, ta manta. Gwangwanin kuwa yana cikin kayan da ta zo da su.

Ta buɗe shi, ga su nan. Ta zauna riƙe da su a hannu. Uwarta ta dube ta, ta gane.

"Ki yi tunani, aurenki ne," in ji Lantana.

"Na yi, Inna."

Ta zura hijabi ta yi sallama a ƙofar zaure. Maza suka juyo suna kallonta, don ba wurin mace ba ne. Ta durƙusa ta ajiye fatar da ƙarfen a gaban mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, a aljihun wandonsa na same su, washegarin da ya kawo wa Baba bindigar."

"Mukarrama, koma ciki," in ji Zulkifilu.

"Zan koma. Amma cikin gidan ubana."

Meshach ya ɗauki fatar ya miƙa wa dattawa suka zagaya da ita. A bushe take, ko ɗigon mai bai taɓa ta ba. Ya ɗauki ɗan ƙarfen, ya karkata shi, ya lallaɓa, ya sake karkatawa. Can ya shige mazauninsa. Ya mayar da sauran kayan ya haɗa, ya ɗana bindigar ya bar bututun a buɗe, ya danna kunama da ƙarfinsa. Ko motsi ba ta yi ba.

Ya dubi Zulkifilu. Bai zage shi ba.

"Ɗana, da ka ce ya gagare ka, ai waya kawai za ka yi min. Ko a wurin makoki nake zan gaya maka yadda ake karkata shi."

Zulkifilu ya nemi inda zai sa idonsa ya rasa.

Mai unguwa da dattawa suka yanke. Cin gidan Malam Maiwada har wata kaka yana wuyansa. Noman gonar da tsaronta yana wuyansa, ba na shekara ɗaya ba, matuƙar tsohon yana raye. Sannan ya je Kudan da ƙafarsa, ya tsaya a gaban shagon Meshach da rana tsaka, ya janye abin da ya faɗa a gaban waɗanda ya faɗa wa.

Ya je. Samarin da suka tsaya suna yi wa Meshach habaici su ne suka tsaya suna kallonsa. Ya sayar da babur ɗinsa ya auno dawa. Masu rake da masu tumatir suka fara wuce shagonsa da injinansu, kowa yana cewa ba zai kai wa mai rage ƙarfe a aljihu ba. Sada, wanda ya fi kowa tafa masa, shi ya raɗa masa suna Saura Ɗaya, kuma sunan ya bi shi har yara suna kira.

Mukarrama ta daɗe a gida. Ya yi biko ya gaji. Daga ƙarshe ubanta ne da kansa ya ce ta koma, ta koma don ba ta musu da shi. Amma matar da ta koma ba ita ce ta fita ba. Tana dafa masa, tana wanke masa, ba ta ƙara komai a kan haka. Ko cefane ya kawo ya ce ya cika, sai ta zazzage a gabansa ta duba.

Meshach ya gyara bindigar yadda ya kamata. Ya jiƙa fatar har ta sha, ya wanke cikin, ya samo wani haƙorin ya sa. Ya ɗora gashin kaza a mahaɗar bututun ya harba, gashin bai motsa ba, alamar iska ba ta zuba. Tuf kawai ta yi. Sai dai mai ita ba shi da yatsan da zai tura mata harsashi. Tana nan rataye a zaure. Zulkifilu kuwa an hana shi taɓa ta. Duk kaka za ku same shi a tsakiyar gonar, ƙato da gemunsa, yana jan igiyar gwangwanaye yana ihu yana korar kurciya. Mai son ƙara ya samu.

Amma duk wannan ba shi ne mafi nauyi ba.

Malam Maiwada bai taɓa ce masa komai ba har yau. Bai yi masa faɗa ba, bai yi masa gori ba. Abu ɗaya ne kawai ya canza. A da, idan Zulkifilu ya zo gaisuwa, daga nesa yake durƙusawa, ba su taɓa haɗa hannu ba, kamar kowane suruki. Yanzu da ya durƙusa sai tsohon ya ce, "Matso, Malam." Ya miƙa masa hannun dama. Dole ya karɓa da hannu biyu, ya riƙe, ya ji gurbin da babban yatsa yake a da. Kuma kun san gaisuwarmu ba gajera ba ce. Sai an tambayi kwana, an tambayi gajiya, an tambayi iyali, an tambayi aiki, an tambayi mutanen Hunkuyi ɗaya bayan ɗaya. Tsohon ba ya sakin hannun sai an gama.

Kowace safiya, kafin ya wuce gona, sai ya biya wannan.

Darasi: Idan aka ba ka amanar gyara, ka yi shi yadda aka ce, ko da zai ɗauki kwanaki, kuma kada ƙara da tafi su ruɗe ka. In abu ya fi ƙarfinka, ka buɗe baki ka ce ya fi ƙarfinka. Kada ka fake da kunyar da manya ke ji maka ka yi musu ƙarya, kada kuma ka ɗora laifinka a kan wanda ka ga ba shi da mai tsaya masa. Ku tura wannan ga duk wani mai gyara da kuka sani, da duk yaron da ke cewa ya gane tun ba a gama magana ba.